Ta Ɓangaren Idon da Ya Mutu

Nevena, tsawar da ta faɗo mini a ƙirji, gobarar dajin da ruwan shekara arba'in ya kasa kashewa, ga gaisuwa daga tsohon masoyinki.

Ranar Lahadi za a buga wasan ƙarshe na gasar tanis ta maza, a zauren nan mai rufin ƙarfe inda muka yi alƙalancin layi tare. Kin tuna? Ke a layin baya, ni a na gefe, hannu bisa gwiwa, an hana mu ko motsi. A wancan wasan ƙarshe, da safe muka raba burodin cuku a bayan labule, kika goge mini maiƙo a gemu. Da yamma kika ɗaga murya cewa ƙwallo ta fita, kuma na rantse ta fita! Sai ɗan wasan nan mai jan gashi ya zaro wata ƙwallo daga aljihu ya narka miki a fuska da dukan ƙarfinsa. Na ji fashewar idonki na hagu. Jini a farar rigarki, jini a kan layin!

Ban san sa'ad da na tsallake raga ba. Na fizge sandar wasansa, na take hannunsa a ƙasa, na farfasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, mutum dubu biyar na kallo. Shekara uku na sha a kurkuku.

Ba yatsunsa ke cina ba, kurciyata. Wajensa na ruga, na bar ki kwance cikin jini! Wani ne ya tallabo kanki, shi kuwa kika aura. Wane irin mahaukacin kogi ne zai bar gonar da ke ƙishi ya tafi rushe gada?

Na ji kin binne mijin naki bara. Ni ma likita ya ce zuciyata ba za ta kai ƙarshen hunturu, lokacin narkewar ƙanƙara, ba. Yanzu na'ura ke duba layi, ba wanda ya san mu a zauren. Ga tikiti cikin wasiƙar nan. Ki zo, ruwan bazarata, ki zo! Kujerata na hagunki, ta ɓangaren idon da ya mutu. In ba ki son ganina, ba sai kin juyo ba. Ni dai wannan karon ba zan tashi daga gefenki ba.

Naki har a rufe ni da ƙasa,
Lyuben