An Kai Gyara

Zuwa ga maiɗakina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin sauƙi. Yaya gwiwar? Ina roƙon ki da ki riƙa yin tattakin da likita ya ce, ba wanda kika ga dama ba. Ki gaishe da babbar 'yarmu da maigidanta, ki yi musu godiyar ɗawainiyar jinya. Ni lafiyata ƙalau.

Na zaɓi rubutu ne saboda ba kya amsa waya sai kin buɗe murya kowa a ɗakin ya ji, maganar nan kuwa ba ta kowa ba ce.

Kin san an yi dogon hutu. Auta da matarsa sun sa 'yarsu, takwararki, a wani sansanin wasanni na ƙananan yara, inda ake kai su da safe a ɗauko su da yamma, kuma ni aka ɗora wa kaiwa da ɗaukowa. Fili ne na wata makaranta, an kewaye shi da waya. Iyaye ba sa wuce ƙofa. Mai horar da su wani saurayi ne da yara ke kira Koci, yana taunar cingam yana busa usur a lokaci guda, abin da ban taɓa yarda wani malami ya yi ba duk tsawon shekarun da na shugabanci makaranta. Na ja hankalinsa a kan haka cikin ladabi. Ya ce mini, “An gama, Baba,” ya ci gaba da tauna.

Mu masu jira mun saba da juna a bakin wayar. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke kwana a wurin aiki, da ta miƙa ɗanta sai ta kwantar da kujerar mota ta yi barci. Akwai wani mai shagon taya da ya tabbata ɗansa zai zama shahararren ɗan ƙwallo, alhali yaron ciyawa yake tsinka a gaban raga. Kowa da dalilinsa na kawo yaro. Ga namu.

Ranar farko, bayan yarinyar ta shige, Auta ya tsayar da ni a jikin mota ya shaida mini cewa zamansa da matarsa ya ƙare. Ba faɗa, ba zagi, sun dai gama magana. Ranar da za a rufe sansanin, uwar za ta tafi da yarinyar garin iyayenta, wanda kin san nisansa. Sun sa ta wasannin ne domin su sami sarari su raba kayan gida ba a kan idonta ba. Abin da suke so daga gare ni biyu ne: kada in mai da ita gida sai sun kira ni, kuma kada in gaya mata kome.

Na ce masa yarinya mai shekara shida mutum ce, tana da hakkin a zaunar da ita a yi mata bayani. Ya ce, “Baba, don Allah, nan ba makaranta ba ce.” Ya shiga motarsa.

Kada ki kira shi. Ya roƙe ni kada in tayar miki da hankali, kuma ga shi na tayar. Allah ya ƙara sauƙi.

Naki,
Maigidanki

*

Zuwa ga maiɗakina,

Gaisuwa da fatan alheri. Direba ya kawo mini amsarki, na kuma ji daɗin cewa kin fara takawa ba sanda. Kin ce in tara Auta da matarsa in yi musu faɗa. Na tara su. Sun zauna a gabana kamar baƙi a ɗakin jiran likita, suka saurare ni har na gama, suka yi godiya, kowa ya tashi ya koma kan kwalinsa.

Yanzu na san kowane lungu tsakanin filin nan da gidan Auta. Idan aka tashi yaran, kiran bai zo ba, sai in yi ta zagaye da yarinyar. Mu bi ta bayan tashar mota, mu tsaya kallon masu wankin motoci, mu koma ta gada. Ta tambaye ni ko na manta hanya ne. Na ce ina gwada taya. Ni da na sha korar ɗalibi gida saboda ƙarya, ga abin da na koma yi da furfurata.

A filin ana koya musu tseren miƙa sanda. Takwararki ce ta ƙarshe kullum, domin tana gudu tana waiwayen ƙofa. Ina tsaye a bayan waya ina ganin kuskuren, ba ni da ikon gyarawa.

Kullum ta koma gida sai ta tarar wani abu ya ragu. Madubin falo ya tafi, keken ɗinki ya tafi, sai kantar littattafai. Duk abin da ta tambaya, amsar ɗaya ce: an kai gyara. Shekaranjiya a mota ta ce mini, “Kaka, mai gyaran nan gidansa ƙato ne?” Na ce ban taɓa zuwa ba. Wannan aƙalla gaskiya ce.

Jiya Koci ya kira ni ciki, karo na farko da na taka filin. Ya kai ni ƙarƙashin rumfar da suke ajiye jakunkuna, ya ce akwai matsala. Ƙa'idarsu, yaro ruwa da abinci da tawul kawai zai zo da su. Jakar takwararki kuwa kullum ƙara nauyi take yi, kuma ta ƙi ajiye ta, da ita take gudu a baya. Ya zuge ta a gabana. Ga rigar matashin kanta, ga kofinta, ga ƙaramin agogon da ke gefen gadon ubanta, ga takalman uwarta guda uku, kowanne ƙafar hagu. Ya ce da ya tambaye ta, sai ta ce ba ta so a kai su gyara.

Na zauna a kan bencin yara. Koci ya cire cingam ɗinsa ya naɗe a takarda, ya ce, “Baba, ni ban san abin da ke faruwa a gida ba, ba kuma hurumina ba ne. Zan ce ban ga jakar ba.” Na yi masa godiya.

Daga nan na wuce wurin surukarmu ni kaɗai. Na same ta a kicin tana naɗe kofunan gilashi da tsofaffin jaridu. Na gaya mata abin da na gani, har da takalman. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce, “Baba, idan na gaya mata, za ta roƙe ni. Idan ta roƙe ni, zan zauna. Idan na zauna kuma, ba za ta sami uwar kirki ba.” Ta ce idan sun isa can, hankali ya kwanta, za ta yi mata bayani a tsanake. Na ajiye hujjojin da na shirya a jere tun a hanya. Na taya ta riƙe bakin kwali ta manne shi.

Ki ci gaba da addu'a. Ki kuma daina hawa bene, an gaya mini.

Naki,
Maigidanki

*

Zuwa ga maiɗakina,

Ina gaishe ki, ina kuma fata jiki ya ƙara kyau. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na fara takardar nan na yaga ba sau ɗaya ba.

Sun tafi.

Ana gobe za a rufe sansanin, kiran ya yi jinkiri ƙwarai, har na rasa inda zan bi, na tsaya a gefen titi kusa da masu sayar da tukwanen fure. Takwararki tana zaune a baya, ƙafafunta duk ƙura. Sai ta ce, “Kaka, ka kashe motar, mai zai ƙare.” Na kashe. Ta ce, “Na san ba gyara ba ne. Ni da Mama za mu tafi, Baba ba zai zo ba.” Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ba kowa, ta ga an sa kayanta da na Mama a kwali ɗaya, na Baba kuwa suna nan a rataye.

Na juya domin in yi mata bayanin da na daɗe ina cewa a yi mata. Kafin in buɗe baki ta riƙe mini hannun riga ta ce, “Kada ka gaya wa Mama na sani, za ta yi kuka. Kada ka gaya wa Baba, shi ma yana yi a banɗaki.” Ta sa na yi alkawari, na kuwa yi. Na auna maganarta da kyau daga baya: mutum biyu ta hana a gaya wa, ba ta ambace ki ba. Shi ya sa nake rubuta miki.

Ranar rufewa aka buɗe wa iyaye ƙofa, aka jera kujeru. Auta bai zo ba, ya ce ba zai iya ba. An yi tseren, takwararki ta zo ta ƙarshe, an ba kowane yaro lambar roba a wuya, har da mai tsinkar ciyawa, wanda ubansa ya ɗaga shi sama yana ihu. Ma'aikaciyar jinyar nan ta tambaye ni ko za mu dawo hutu mai zuwa. Na ce sai yadda hali ya yi.

Uwar tana bakin ƙofa da motar haya, an ɗaure akwatuna a sama. Ta durƙusa ta ce da yarinyar, “Albishirinki! Tunda kin yi ƙoƙari, yau za mu je hutu gidan su Kaka na can.” Ina tsaye ina kallo. Jikarki ta buɗe baki, ta yi tsalle, ta tafa hannu, ta ce, “Da gaske, Mama?” Ta rungume ta. Ta saman kafaɗar uwar ta dube ni, ba ta ƙifta ido ba, har sai da na gyaɗa mata kai. Na buɗe musu ƙofar mota, na duba an ɗaura mata bel daidai, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Da safen nan surukarmu ta kira. Sun isa lafiya. Ta gode mini da na riƙe amana, ta ce yarinyar tana ta wasa, ba ta san kome ba, saboda haka ta ga gara ta ƙara jinkirta bayanin har ta saba da wurin. Ta ce, “Ka gani ko, Baba? Da mun gaya mata, da mun ɓata mata rai a banza.” Na ce to. Da rana Auta ya zo ya zauna a falo, ya ce abin da ya rage masa na sanyin zuciya shi ne 'yarsa ta tafi tana dariya. Shi ma na ce masa to.

Idan na yi magana, na karya alkawarin da na yi wa yarinyar da ba ta roƙi kowa kome ba sai ni. Idan na yi shiru, za ta ci gaba da yi musu dariyar nan ita kaɗai a can, har ranar da suka ga dama. Na juya al'amarin ta kowace fuska, ban sami inda zan kama ba. Uwar ta ce za ta sake kira a ƙarshen mako, ta ba ta wayar mu gaisa, kuma na san tana tsaye a kanta za mu yi maganar.

Ke kin fi ni sanin yara. Ki rubuto mini abin da zan ce mata, ki ba direba ya kawo kafin ranar.

Allah ya ba ki lafiya, ya dawo mini da ke.

Naki har kullum,
Maigidanki