Tsohuwa Ta Yi Magana

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara?

Ni lafiya lau, sai ɗan rashin barci. Tsohuwar da nake jinya ta yi wata biyu ba ta magana, har 'ya'yanta suka fara zancen sallamata. Kullum ina karanta mata wani tsohon littafin Turawa na zamanin keken doki. Shekaranjiya na gaji, na ce, "Mama, shafi ɗari uku ba komai sai shan shayi da gulma!"

Sai ta ɗago kai. "Ba ki iya karatu ba. Da gulmar nan ake yanka mutane."

Muka daɗe muna musu, 'yarta tana kuka a bakin ƙofa. Alhamdulillahi, aikina yana nan. Gaskiya littafin ya fara burge ni, amma gobe ma sai na kushe shi.

Ƙanwarki.