Miyar Kukar Inna

Kibiya, 4 ga Maris, 2002

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jego, ya jaririya? Allah ya raya mana.

Kin san tun rasuwar Inna na ɗauko Baba zuwa ɗakin da na kama kusa da makarantar da nake koyarwa. To Yaya, Baba ya daina cin abinci. Maƙwabta su aiko kwano, ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe. Wai miyar kukar Inna yake so. Na sayi tukunya da muciya na gwada. Tuwon duk gudaji, miyar ta tsinke kamar ruwan wanki. Loma ɗaya ya yi, ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya juya wa bango fuska. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Don Allah ki rubuto yadda Inna take yi, ki ba Shitu direba.

Ƙaninki,
Maharazu

Rano, 7 ga Maris

Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Oho, yau ga malamin makaranta a gindin murhu! Kai da ko ashana ba ka iya ƙyastawa. Na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Saurara. Ka yi talge tukuna, ya dahu, sannan ka riƙa barbaɗa gari kana tuƙawa. Miya kuwa, bar daddawa da barkono su tafasa sosai. Rage wuta kafin ka kaɗa kuka da maburgi, kuma kada ka kuskura ka rufe tukunyar. Ka sa man shanu a ƙarshe.

Ni ba halin zuwa. Surukata ta rantse ko zaure ba zan taka ba sai na yi arba'in. Saura kwana goma sha tara. Ka riƙe mini Baba.

Yayarka,
Bara'atu

Kibiya, 15 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Tuwo ya fara kama hannuna, miya ma ta yi yauƙi. Baba ya ɗanɗana, ya girgiza kai, ya ce ba ita ba ce. Na ce me ya rage? Sai ya fara hawaye. An yi masa ƙarin ruwa sau biyu a asibiti. Yanzu da hannu ɗaya nake tayar da shi zaune. Tsoro nake ji, Yaya, na rasa yadda zan yi.

Maharazu

Rano, 18 ga Maris

Ƙanina,

Kaicona, ni na manta! Inna ba ta taɓa sayen daddawar kasuwa ba, da kanta take dafa kalwarta. Na aika Gwaggo Barira ta bincike ɗakin Inna, ta samo ƙwaya uku a ƙasan tulu. Ga su nan a ƙulle. Su ne na ƙarshe da hannunta ya taɓa. Ka ce wa Baba saura kwana takwas in zo.

Bara'atu

Kibiya, 20 ga Maris

Yaya,

Kin riga kin ji. Jiya da hantsi muka kai Baba makwancinsa, Shitu ya iso da ƙullin bayan la'asar.

Yau na daka ɗaya na yi miyar. Ta yi, Yaya, sak ta Inna. Na zuba a kwanonsa na rufe, har yanzu na kasa buɗewa.

Allah ya ji ƙansu. Wassalam.

Maharazu