Kada a Ƙara Sa Ƙusa a Baki

Da sunan Allah. Ni mahaifinku, mai gyaran kujerun kushin, nake rubuta wannan da hankalina garau. In kun ga layin ya karkace, laifin yatsu ne. Alƙalamin da na koyi riƙewa a ajin yamma da furfura a kaina, yau da ƙyar suke damƙe shi. Jiki ya ce tafiya ta kusa, amma wallahi murna nake.

Na ɗaya. Babba da Auta, gabarku ta ƙare. Auta, ka daɗe kana cewa yayanka ne ya lalata mini gaɓɓai da ya mai da ni ɗakin bayan famfo mai danshi. Har haihuwar da aka yi masa ba ka je barka ba. To, na tambayi likita. Ta ce danshi na iya tsananta zogi, amma ba shi ya kawo ciwon ba. Sai ta ce in buɗe baki. Da ta ga dasashina sai da ta gyara tabarau. Ta ce akwai masu binciken da ke zargin ƙwayoyin cutar dasashi suna iya tunzura jiki ya riƙa faɗa da gaɓɓansa, su yi ta kumburi. Ta ce ba a tabbatar ba tukuna, kada in je ina shela. Ni dai na san tun ina saurayi nake cika bakina da ƙananan ƙusoshi ina aiki, kamar yadda maigidana ya koya mini, dasashin yana jini ina tofarwa. Ko su ne, ko ba su ba, an dai wanke ɗakin, an wanke Babba. Na fito asibiti ina dariya har direban tasi ya zaci warkewa na yi.

Na biyu. Shago naku ne ku biyu, amma makullin yana wurin 'yar'uwarku. Ba za ta bayar ba sai kun je wurin likitan haƙori tare, a mota ɗaya. Babba, na san kujerar nan tsoro take ba ka. Auta zai riƙe maka hannu.

Na uku. Ƙaramar gudumata ta jikata ce, jaririyar Babba, amaryata da ba ta da haƙori ko ɗaya, ta fi mu duka lafiyar baki. Auta ne zai kai mata da hannunsa, ya ɗauke ta ya yi mata barkar da ya ci bashi.

Na huɗu. Gwangwanin ƙusoshi ya zauna a kan benci. Duk wanda ya sa ƙusa a baki, ɗan'uwansa ya ja masa kunne a madadina.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku, ya bar ku a tsakar gida ɗaya. Ɗakin bayan famfo kuwa, kada wanda ya rushe shi. A nan na fi jin daɗin barci.