Layin da Na Goge

Baban yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da yaran. Yaya ciwon bayanka? Yaya jikin Innata? Ka ce wa Auta saura mako uku in dawo.

Akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. A kwas ɗin nan na masu sasanta ma'aurata muna da shafi guda a kwamfuta, mu takwas da malamarmu muna rubutu a kai lokaci ɗaya. An ce kowa ya ƙirƙiro matsalar wani gida, sauran su yi sharhi a gefe. Ni uwar wayo sai na zuba tamu. Na mai da kai tela, na ce da zarar matarsa ta fara magana sai ya ɗauki makulli ya fice.

Nan suka yi maka caa. Wata ta ce mutumin nan dutse ne, wani ya ce ba ya ƙaunarta. Ina karantawa, wallahi har da jin daɗina.

Ashe shafin ba ya mantuwa. Jiya malama ta haska shi a bango, ta buɗe tarihin gyare-gyare don mu ga yadda mai kawo ƙara ke tace labari. Sai ga layin da na rubuta na goge, ja wur, da sunana a gefe: in telan ya fita, asibiti yake zuwa wurin mahaifiyar matar, ya ba ta abinci a baki.

Malama ko dubana ba ta yi ba, ta ce, "Me ya sa matar ta cire wannan?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amsar kuwa na san ta: in layin yana nan, ba mai ba ni gaskiya.

Na kai sirrinmu gaban baƙi, kuma rabin da ya yi mini daɗi kawai na kai. Kunyarka nake ji, ka yafe mini. Na roƙi malama ta sauke shafin.

Ga farar takarda nan cikin ambulan. Ka rubuta abin da kake son faɗa duk ranar da na katse ka har ka ɗauki makulli. Ko layi ɗaya ba zan goge ba.

Ka gai da Inna.

Taka har kullum,
'Yar rigimarka