Kujerar Gaba a Motar Yaya Jafaru

Samaru, Zariya

Aminiyata Fatsuma,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zaman makarantar kwana ba waya? Ga littafin da kika roƙa, na haɗo da wasiƙar nan ta hannun Mamanki.

Fatsuma, an ƙwace mini kujerar gaba. Kin san duk Asabar Yaya Jafaru ke kai ni Sabon Gari sayen littafi a jar motarsa ta tsere. To yanzu so yake a sauya wa ƙwaƙwalwar injin manhaja don ta ƙara gudu, sai ya samo wata Oyindamola, 'yar mai gareji a Chikaji, wai injiniya take karanta. Ita ke gaba da laftof a cinya, ni ina baya kamar buhun masara. Sati uku ko ƙofar shagon littattafai ba mu tsaya ba.

Manhaja biyu yake ta aunawa. Ta Oyinda mai lasisi ce, a gwada a gyara, a sake gwadawa, wata guda cur ita da shi. Ɗayar kwafi ce da wani Eric ya tura masa, minti goma an gama. Ya ce mini cikin wasa, "Auta, wacce kika zaɓa?" Ni da ko ido ba na iya haɗawa da mutane, sai na ji bakina ya ce, "Ta Eric mana. Kai da ka iya, sai wata ta koya maka?" Na ga maganar ta shige shi.

Jiya kuma Oyinda ta miƙo mini wani ɗan memori irin na laftof, wai in ba Yaya ya adana. Ni ce 'yar aike? Na san waƙoƙin soyayya ne, haka ake farawa a duk littafin da na karanta. Ban ba shi ba.

Ki gaida 'yan ɗakinku.
Taki, Naila

*

Naila,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya har na shaƙe. Malama, yayanki ne fa, wata rana dole wata ta zauna a kujerar nan. Ki rage karanta littattafan nan, sun fara taɓa ki. Wanda kika aiko ko buɗe shi ban yi ba, jarabawa ta sa mu gaba.

Ki huta lafiya.
Fatsuma

*

Fatsuma,

Salam. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Yaya ya sa manhajar Eric da kansa ranar Talata. Ana tsakiyar aiki laftof ya tsaya cak, motar ta ƙi tashi. Da igiya aka ja ta zuwa Chikaji, ina biye. Oyinda ta duba ta ce ƙwaƙwalwar ta zama fanko, amma kada ya damu, ya kawo memorin. Ashe ainihin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ta kwafe a ciki tun ranar farko. Dokar garejinsu ce: ba a rubuta sabo sai an ajiye tsoho, kuma mai mota ake ba wa, ba sa riƙewa. In babu shi sai dai a nemo wata ƙwaƙwalwar, irin ta motar nan kuma ba a samunta a nan kusa.

Yaya ya ce, "Wane memori?"

Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Sai ta ce, "Ƙila ni ce na manta ban bayar ba." Ya yi mata faɗa a gaban babanta, ba ta tona ni ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Har kirkin ma sai ta fi ni?

Don Allah ki buɗe littafin nan, shafi na ɗari da sha huɗu. A nan na cusa shi na manta.

Naila

*

Naila,

Salam. Ga shi, na naɗe a takardar alewa. Amma na san ki: kada ki jefa shi ƙarƙashin kujera ki ce an tsinta.

Allah ya ba ki ƙarfin hali.
Fatsuma

*

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Mota ta tashi. A garejin na faɗa musu komai, ina kuka, har zancen waƙoƙin. Oyinda ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaya bai yi ba, sai da ya ba ta haƙuri sau uku. Manhaja mai lasisin ya zaɓa.

Yau Asabar da za a fita gwaji, Oyinda ta buɗe mini ƙofar gaba ta ɗora mini laftof. "Zauna, ƙanwata, ki riƙa karanto mini lambobin." Ita ta koma baya.

Na samu kujerata, Fatsuma. Amma daga Chikaji har Samaru, Yaya madubin baya yake kallo.

Taki har kullum,
Naila