Tukunyar Bayan Ƙyaure

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba zan tambayi lafiyarki ba, Inna, don inda kike babu tari, babu ciwon baya. Mu dai muna nan ƙauyenmu na bayan Roni, yadda kika bar mu wata bakwai da suka wuce.

An shiga makonni huɗun nan na jiran haihuwar Almasihu. Ina zuwa majami'a, ina zama a bencinki, bakina yana bin waƙa, amma ba na jin komai. Ko ranar da aka binne ki ban yi kuka ba. Mata sai yaba haƙurina suke yi. Ba haƙuri ba ne, Inna. Zuciyar ce ta mutu, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Damina ta ƙi bana, gero ya ƙone a tsaye. Mai gidan ya tafi Kano aikin gini. Ana ta cewa kuɗin mai ya cika birni, mu dai ko wasiƙa ba mu gani ba. Jikarki Talatu ta yi ƙyanda, ta tashi sai idanu. Baba ƙafa ta hana shi zuwa sujada, ga mantuwa: ya tambayi abu sau uku, in amsa sau uku.

Kin tuna tukunyarki ta bayan ƙyaure? Kowace Lahadi cikin huɗun nan, da mun dawo sujada sai ki zuba mata mudun gero. Ranar Kirsimeti ki toya waina da shi a kai wa maƙwabta, yadda su ma suke aiko mana da tuwon Sallah. Kina cewa, "Mai jiran baƙo ba ya barin tukunya wayam."

To, ni na bar ta wayam. Lahadi uku ban ko waiwaye ta ba. Na riga na yanke a raina cewa wainar maƙwabta ta bi ki kabari. Wa zai zarge ni a shekara irin wannan?

Shekaranjiya randarmu ta tsage, na je ɗauko tukunyar in zuba ruwa. Sai na ji ta da nauyi. Na ɗaga faifan. Gero ne, Inna, ya wuce rabi.

Baban da ke manta ko ya ci tuwo, wannan bai manta ba. Ya ce Goggo Dije ce, ƙawarki ta ruga mai kawo mana nono. Tana zuwa ran Lahadi muna majami'a, ta zuba, ta rufe, ta yi gaba. Matar da fari ya cinye musu rabin garke.

Na same ta a ruga tana wanke ƙorai. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni ban san ibadarku ba, 'yar nan. Amma shekara ashirin ina cin wainar uwarki. Na ga ba ki da ƙarfin jira, na ce bari in riƙe miki."

Ko a nan hawaye bai zo ba. Na yi godiya, na dawo gida.

Yau Lahadi ta huɗu. Mai wa'azi ya ce Almasihu bai jira mutane su shirya ba kafin ya zo. Da muka dawo na shiga rumbu, na kwarfo mudu ɗaya daga ƙasa. Na zuba shi a tukunyarki. Kin san yadda matacciyar ƙafa take yi in za ta farfaɗo, da zafi take farawa. Shi nake ji yanzu, Inna, kuma kewarki ce.

Ubangiji ya hutar da ke a gabansa, ya dawo mana da mai gidan lafiya, ya mayar wa Goggo abin da ta rasa. Wainar ba za ta kai taki ba, na sani. Amma za a toya, kuma kwanon farko na ruga ne.

Ni ce 'yarki,
Rifkatu